Gurbi na Bakwai

Sun ba ni kaye da bik da sunaye arba'in da ɗaya,
suka ce, “Balki, bi unguwa-unguwa,
ki gano mana yadda tsofaffin sojoji ke kwana.”
Gurbi bakwai ne a takardar.
Na bakwai bai kai ƙwayar gujiya girma ba,
a kansa an rubuta: lafiyarsa.

Na fara da Birni, gindin dutsen nan mai kama da raƙumi a durƙushe.
Kaporal Ishiya na kan tabarma yana gyaran rediyo.
Ina kwana, Baba? Lafiya lau.
Ina gajiya? Ba gajiya.
Na rubuta.
Sai da zai raka ni na ga ya jawo sanduna biyu,
ƙafar wandon hagu a naɗe, an soke ta da allura.
“Tana can bakin tafki,” in ji shi, “ta riga ni ritaya.”

A Garin Malam, Ajidan Gonda ya ce lafiya lau, sai godiya.
Zuwera ce ta biyo ni zaure da kofin ruwa,
ruwan da ta saya garwa dala goma,
ta ce tun da ya dawo daga gabas bai yi barcin dare ba.
In salansar kabu-kabu ta buga a titi
sai ta same shi bayan randa yana kiran sunaye,
mutum shida, kullum su shida,
ba ya tsallake ko ɗaya.
Na duba takardata. Babu gurbin mutum shida.

Na ashirin da uku ya rasu tun damina.
Matarsa ta je biro har takalminta ya tsinke,
ana ce mata takardar fansho tana Yamai.
Ita ma da na gaishe ta, lafiya lau ta ce.

Akwai Ɗan Lele a hanyar Mirya,
shi kam lafiyar ce da gaske:
garka, injin ban ruwa, tumbi ya fito.
Ya cika min jaka da tumatir, ya ce in gaida gwamnati.

Ran alhamis na kai wa Mushe Laminu.
Ya bi gurbin da yatsa daga sama har ƙasa, ya yi murmushi.
Na ce, Mushe, gaisuwa ka ƙirga.
Mutumin Damagaram ko wuta na cin rigarsa
sai ya amsa maka da lafiya kafin ya nemi ruwa.
Juya takardar.
A baya na rubuta ƙafar Ishiya, da daren Gonda,
da kuɗin maganin hawan jini, jika huɗu duk wata,
da wanda ya sayar da lambar girmansa ya sayi tiya biyu ta hatsi.
Ya ce na'ura ba ta karanta bayan takarda.
Na ce to a koya mata.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
amma sai an shiga an zauna yake nunawa.

Ban san inda maganar ta kwana ba.
Na dai ga bayan wata uku takarda ta zo da gurbi goma sha tara,
wani ya zo da igiyar awo ya gwada dungun Ishiya.
Ƙafar ba ta iso ba tukuna.

Jiya na koma Birni. Ban tsaya a ina kwana ba.
Na ce, Baba, daren jiya sau nawa ka farka?
Ya kashe rediyon.
Ya daɗe yana kallon dutse,
sannan ya tura yaro ya sayo gawayi da sukari.
Ya ce, “Zauna, 'yar nan. Wannan tambaya sai da shayi.”